Iƙama, halala da alamar tambaya: yadda lambobi ke lalacewa a hanyar shiga databes

'Yan uwa masu rubuta manhaja a nan Jidda da Makka, musamman ƙannenmu da suka fara karɓar ƙananan ayyuka na shaguna da ofisoshin kargo, akwai wata fahimta da ta zauna mana a kai, wai da zarar ka daina manna abin da kwastoma ya rubuta kai tsaye cikin SQL, ka koma amfani da prepare da alamar tambaya, toh shikenan ka gama da maganar tsaro da ingancin bayanai. Tsaro kam ka samu kaso mai tsoka, ba wanda zai cusa maka umarni ta cikin fom ya kwashe tebur. Amma ingancin lambar da ka tura yana nan a wuyanka, kuma abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ake yi a nan ba ta ihu, sai an yi wata da watanni ana zuba bayanai sannan mai shago ya kira ka yace lissafi baya haɗuwa.

Ga yadda abin yake aiki. Shiryayyen umarni kashi biyu ne, da farko ka tura wa saba ƙashin umarnin da gurabe a ciki, misali SELECT * FROM kwastoma WHERE ikama = ?, ita kuma ta karanta ta tsara yadda za ta nemo, daga baya ka tura abin da zai zauna a gurbin. Shi wannan abin baya tafiya tsirara, yana tafiya ne da shaidar nau'insa, cikakkiyar lamba ce, ko mai ɗigo ce, ko rubutu ne. Kamar kwalin da ka kai kargo ne za a kai Kano, an naɗe shi da salatif ba mai buɗewa a hanya, amma in an rubuta dabino a jiki alhali kwalaben turare ne a ciki, riƙon dabino za a yi masa har ya isa. Nau'in nan kuma a wuri uku yake zama, a cikin kod ɗinka, a wajen ɗaurawa a gurbi, da kuma a kolum ɗin tebur. Kusan duk matsalar da zan kawo daga saɓanin waɗannan ukun take fitowa.

Mu fara da wadda ta fi shafarmu mu mazauna ƙasar nan. Kolum ɗin INT a MySQL bayit 4 ne, iyakarsa 2,147,483,647. Yanzu ɗauko iƙamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya, ka duba, lambobi 10 ne kuma da 2 take farawa. Katin ɗan ƙasa shi ma 10 ne amma da 1 yake farawa. Kaga kenan duk ɗan ƙasa zai shige cikin INT lafiya lau, mai tsohuwar iƙama da ta fara da 20 shi ma zai shiga, amma duk wadda ta fara da 22 zuwa sama ta tsallake iyaka. In sabar tana kan tsattsauran tsari, wanda shi ne MySQL ke zuwa da shi tun daga 5.7, za ta ƙi karɓa ta jefo maka kuskure mai lamba 1264, kuma wallahi wannan alheri ne. In kuwa an kashe tsarin, kuma ana yawan samun haka a hostin masu araha da tsofaffin kwamfutocin ofis, ba za ta ƙi ba, za ta datse lambar ta ajiye 2147483647 ta yi shiru. Na ga wannan da idona a wani ƙaramin ofishin kargo, mai ofishin ya juyo min da allon kwamfutar yana gungura linzami, sunaye daban daban, wannan Hajiya ce mai buhun abaya, wancan mai kwalayen dabino, wani mai firij, amma layin iƙama daga sama har ƙasa 2147483647 ne, sai jifa jifa ka ga wata lamba mai farawa da 1 ta fito daidai. Yaron da ya rubuta manhajar prepare ya yi amfani da shi a ko'ina, kod ɗinsa tsaf, nau'in kolum ɗin ne kawai ya kayar da shi.

Wani zai ce ai sai a sa UNSIGNED. Eh zai kai ka 4,294,967,295, iƙama za ta shiga, tsohon sijil ɗin Jidda, wato lambar rajistar kasuwanci, mai farawa da 4030 ma zai shiga da ƙyar, amma lambar nan ta mu'assasa da ake kira 700 ita ma 10 ce kuma da 7 take farawa, ta wuce. Lambar dariba, wato harajin VAT, lambobi 15 ce, tana farawa da 3 tana ƙarewa da 3. Bakod ɗin jikin kaya 13. Lambar waya in ka sa mata 966 ta zama 12, in ka bar ta da 05 kuma INT zai cinye sifilin farko. Sannan ko kolum ɗin ya ɗauka, int na Java da na C# su ma a 2,147,483,647 suke tsayawa, setInt ba zai kai maka iƙama ba. BIGINT zai ɗauke su duka, amma ni a ganina ko shi ba shi ne amsa ba. Tambayar da nake wa kaina ita ce, wannan lambar akwai ranar da zan tara ta da wata ko in raba ta biyu? Ba wanda ke tara iƙama biyu. Shaida ce ta gane mutum, dan haka rubutu ce, CHAR(10) ko VARCHAR, a ɗaura ta a matsayin rubutu, da harafin s a mysqli ko PARAM_STR a PDO, wato hanyoyi biyu da PHP ke magana da databes, ko setString a Java. Haka lambar akawun ɗin Najeriya mai 10 da kan fara da sifili, haka NIN da BVN masu 11, IBAN kuwa dama da SA yake farawa.

Sai kishiyar wannan, wadda ta fi wuyar ganowa. Ka gyara kolum ya zama VARCHAR, ka sa masa indeks, wato fihirisar da ke sa nema ya yi sauri, amma a kod ka bar i, harafin cikakkiyar lamba, a bind_param na mysqli saboda a idonka lamba ce. Ka'idar MySQL ita ce in aka gwada rubutu da lamba, sai ta maida duka biyun lamba mai ɗigo sannan ta gwada. Abu na farko da ka rasa indeks ne, domin rubutu da yawa suna iya komawa lamba ɗaya, '7' da '07' da ' 7' da '7a' duk 7 ne a wajenta, dan haka dole ta bi tebur layi layi tana juyawa. Da layi 500 ba za ka ji komai ba, ranar da suka kai dubu ɗari biyu ana tsakiyar mausim, wato lokacin Hajji ko Umara, kwastomomi sun yi layi a bakin kanta, a nan ne kashiya zai ce sistem ya yi nauyi. Abu na biyu ya fi muni, duk rubutun da bai fara da lamba ba sifili yake komawa. Ma'ana WHERE lambar_rasit = 0 zai dace da duk rasit ɗin da ya fara da harafi, JED-1 da KAN-55 da sauransu gaba ɗaya. In SELECT ne ka nuna wa mutum kayan wasu, in UPDATE ne kuma yadda ta kaya ya danganta da tsarin sabar, ko ta tsaya da kuskure ko ta taɓa layukan da ba ka nufa ba. Akasin haka bai da wannan haɗarin sosai, wato kolum INT ka tura masa '25' a rubuce, sau ɗaya za ta juya abin da ka tura kuma indeks na nan yana aiki. Shi ya sa in kana shakka a MySQL, tura rubutu ya fi tura lamba aminci.

Kuma kar ka ce ina sifili zai fito, a ƙasar nan hanyarsa a buɗe take. Rabin wayoyin kwastomominmu kibod ɗin Larabci ne a kai, mutum zai rubuta ١٥٠ yana nufin 150, kuma daidai ya rubuta. PHP bata san wannan ba, (int) na ١٥٠ sifili ne, is_numeric zai ce maka ba lamba ba ce. JavaScript zai ba ka NaN. Python da Integer.parseInt na Java su suna ganewa su ba ka 150, wannan bambancin ne ke sa abu ya yi aiki a manhajar waya ya mutu a saba. Ga kuma waƙafi, wanda ya rubuta 1,250.50 in ka yi masa (float) a PHP 1 za ka samu, riyal ɗaya, saboda tana tsayawa ne a harafin farko da ba lamba ba. Larabci ma na da nasa alamar ɗigon daban. Duk wannan kafin a zo wajen ɗaurawa ake gyara shi, ka juya lambobin Larabci goma zuwa na boko, ka cire waƙafi, ka tabbatar abin da ya rage lamba ce, in ba lamba ba ce ka mayar wa mutum fom ɗinsa ya gyara. Kar ka bari (int) ya yanke maka hukunci a ɓoye.

Yanzu kuɗi, inda nake so mu ɗan daɗe. Riyal halala 100 ne, dariba kuma tun Yulin 2020 ta koma kashi 15 daga kashi 5 da aka fara da shi a Janairun 2018. Buɗe burauzarka ka shiga konsol ka rubuta 100 * 1.15, amsar da za ka gani 114.99999999999999. Gwada 19.99 * 100 ka ga 1998.9999999999998, wanda in ka datse shi zuwa cikakkiyar lamba ya zama halala 1998, ɗaya ta tafi. Ba lalacewar kwamfutarka ba ce, tsarin IEEE 754 ne na 1985 wanda kusan duk yarukan ke bi, yana ajiye lamba mai ɗigo ne da tushen biyu, kuma 0.1 ko 0.15 ba sa ƙarewa a tushen biyu, yadda ɗaya bisa uku baya ƙarewa in ka rubuta 0.3333, sai dai a yanke a wani wuri. DOUBLE yana riƙe lambobi 15 zuwa 16 masu inganci, FLOAT kuwa kusan 7 kacal, daga 16,777,216 zuwa sama ko ƙirga ɗaya ɗaya baya iyawa. Ka tuna masu kargo da masu sarin kaya suna ajiye lissafi da naira ma, miliyan 17 kuma yanzu ba wani abu ba ne a cinikin kwantena.

Halala ɗaya ba ta kashe kowa, na sani. Amma tun 4 ga Disamba 2021 da ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam, ta wajabta fatura ta lantarki, lambar QR ɗin da ke jikin rasit tana ɗauke da sunan mai sayarwa, lambar daribarsa, lokaci, jimilla da kuma kuɗin dariba, daga Janairun 2023 kuma aka fara haɗa manhajoji da dandalin Fatoora rukuni rukuni. Kenan abin da ke jikin takarda, da na cikin QR, da na cikin teburinka dole bakinsu ya zo ɗaya. Kuma ko ba hukuma, haƙƙin mutane ne, mai shago ya amince maka da lissafinsa, ni wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Kolum ɗin kuɗi DECIMAL ne, misali DECIMAL(12,2), shi yana ajiye lambobin ne yadda aka rubuta su ba kusa da su ba, a MySQL har lambobi 65 yana ɗauka. Toh amma ga inda mutane ke faɗuwa, sun sa DECIMAL a tebur sai su ɗaura da d, harafin double, a mysqli ko setDouble a Java, kaga kuɗin ya riga ya bi ta cikin DOUBLE kafin ya iso. Sau da yawa zagayawar da kolum ke yi zuwa gida biyu tana rufe asirin, amma a WHERE jimilla = ? ko a lissafin da ya faɗo daidai kan rabin halala asirin na tonuwa. Wasu kuma i suke sawa, 12.75 ta koma 12 ba ko sallama. A PDO in ka duba za ka ga akwai PARAM_INT da PARAM_STR da PARAM_BOOL da PARAM_NULL da PARAM_LOB, babu na lamba mai ɗigo sam, kuma mutane na ta tambaya ina yake. Ba ka buƙatarsa. Tura '114.99' a matsayin rubutu, saba za ta maida shi DECIMAL ba tare da ya rasa komai ba. Sharaɗin dai kar rubutun ya zama daga float ka samo shi bayan ka gama lissafi da shi, lissafin kansa a yi shi da bcmath, kayan lissafin PHP da ke aiki da lambobi a rubuce, kana sane cewa bcmul datsewa yake baya zagayawa, sai a PHP 8.4 aka kawo bcround. A Java setBigDecimal, kuma new BigDecimal("0.15") da alamar zance, domin in ka cire alamar ka ba shi double ne ya kwafe maka kuskuren har ƙarshensa. A Python Decimal('0.15'), a C# decimal.

Akwai masu ajiye komai da halala a matsayin cikakkiyar lamba, riyal 115 ya zama 11500. Hanya ce mai kyau ina sonta, amma BIGINT za ka sa, domin INT a kobo naira miliyan 21 da ɗoriya kawai yake ɗauka. Kuma kar ka kafe 100 a cikin kod in akwai yiwuwar aikin ya tsallaka maƙwabta, dinarin Kuwait da na Bahrain da riyal ɗin Oman gida uku suke da shi bayan ɗigo. Farashin canji shi ma nasa kolum daban, riyal da dala an ɗaure su a 3.75 tun 1986 gida biyu ya isa, amma naira ɗaya in za ka faɗe ta da riyal sai ka wuce sifilai kafin ka fara ganin lamba, DECIMAL(12,2) zai maida maka ita 0.00, ba shi gida shida ko takwas.

Sai LIMIT, wanda kusan kowa ya taɓa cin karo da shi ranar da ya zo raba sakamako shafi shafi. Ka rubuta LIMIT ? ka kira execute([20]) sai ga kuskure 1064. Dalilai biyu ne suka haɗu. Duk abin da ka zuba cikin execute a PDO rubutu ake ɗaukarsa ko da lamba ka ba shi. Sannan PDO na MySQL yadda yake zuwa, ba ya tura wa saba shiryayyen umarni na gaske, kwaikwayo yake, shi da kansa yake cike guraben ya tura umarni guda, dan haka abin da saba ta gani LIMIT '20' ne da alamar zance, ita kuma bata yarda da haka a nan. Ko dai ka yi bindValue da PARAM_INT bayan ka tabbatar cikakkiyar lamba ce, ko ka kashe kwaikwayon da ATTR_EMULATE_PREPARES false tun wajen buɗe haɗi, ni na biyun nake yi a kowane sabon aiki. Masu Node su ma sun sha nasu, lambar JavaScript ta yau da kullum double ce ko da cikakkiya ce, laburaren mysql2 kuma haka yake tura ta a execute, da MySQL 8.0.22 ta fito a Oktoban 2020 ta sauya yadda take tantance nau'in gurabe, sai LIMIT ? da ke aiki jiya ya fara faɗuwa, mafitar da aka yi ta bi ita ce a maida lambar rubutu kafin a tura. Abin da gurbi baya iyawa kwata kwata shi ne sunan tebur ko na kolum ko ASC da DESC, waɗannan sai ka zaɓo daga jerin da kai ka rubuta da hannunka.

Hanyar dawowa ma tana da nata. In ka karanto DECIMAL a PHP rubutu zai zo maka, "115.00", da gangan ne, kar ka yi saurin yi masa (float). INT kuwa a PDO mai kwaikwayo da rubutu yake dawowa, daga PHP 8.1 ya koma cikakkiyar lamba, dan haka tsohon kod mai gwada === '1' yana iya daina aiki ranar da hostin ya ɗaga maka PHP ba tare da ka taɓa komai ba. BIGINT kuma in zai je burauza ta JSON, JavaScript baya riƙe abin da ya wuce 9,007,199,254,740,991 daidai, lambobin ƙarshe sai su sauya. Twitter ta gamu da wannan a 2010 har ta ƙara id_str a gefen id, kai ma tura manyan lambobi a rubuce.

Gurbin da aka bari fayau a fom yana zuwa ne a matsayin rubutu mara komai, in ka tura shi kolum ɗin lamba tsattsauran tsari zai ba ka 1366, mara tsauri kuma ya ajiye 0. Nauyin kwali da ba a auna ba tukuna daban yake da kwali mai kilo sifili, na farkon NULL ne, ka ɗaura null da gangan. A Java getInt na maida NULL sifili sai ka tambayi wasNull. PostgreSQL a wannan fannin ta fi MySQL tsauri, in ka yi setString a kan kolum ɗin integer za ta ƙi tace babu hanyar gwada integer da character varying, da farko abin na ban haushi amma ta hana ka ɓarna ne tun ranar farko.

Wanda ya riga ya gina tebur da nau'in da bai dace ba, gyara na yiwuwa amma a bi a hankali. Fara da bakof, ka gwada a kwafi tukuna. FLOAT zuwa DECIMAL, ƙara sabon kolum a gefe ka cike shi da ROUND zuwa gida biyu, ka gwada jimillar kowane wata da abin da ke littafin mai shago kafin ka goge tsohon. Lambar waya da ta rasa sifili ana iya dawo da ita da LPAD, mai cike farkon rubutu da sifili, in duk na Saudiyya ne masu tsawo ɗaya, in an cakuɗa da na Najeriya da Nijar da Sudan sai an bi da ido. Iƙamar da aka datse zuwa 2147483647 kuwa ba umarnin da zai dawo da ita, ainihin lambar bata taɓa shiga tebur ba, sai a koma kan kwafin rasit na takarda ko a jira kwastoma ya dawo a sake karɓa. Bayan gyaran ka duba SELECT @@sql_mode ka tabbatar STRICT_TRANS_TABLES, wato tsattsauran tsarin nan, na ciki, sannan kafin ka miƙa aikin ka zauna a gaban fom ɗin da kanka ka shigar da iƙama mai farawa da 25, waya mai 05, farashin 19.99, adadi da lambobin Larabci, da gurbi guda fayau, ka buɗe teburin ka ga abin da ya sauka a ciki.